Idan Ruwa Ya Yi Wuya: Buta, Hoge, Tishu ko Tsumma, Wanne Gida Zai Tanada?

Idan ana lissafin tanadin gida don ranar wuya, hatsi ake fara ambata, sai gishiri da mai da gawayi, wani ya tuna da magani da fitila. Da wuya ka ji maigida ya dubi uwargida ya ce, "To, in ruwa ya yanke mana wata guda, da me za a riƙa tsarki a gidan nan?" Kunya ce ke hana mu. Amma mutum yana iya rage cin abinci, ba ya iya hana kansa zagayawa, kuma bayan ambaliya ko a wurin da 'yan gudun hijira suka taru, gudawar da ta bi ta hannu zuwa baki tana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke ƙananan yara.

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta rufe duniya, an ga mutane a Amurka da Ingila da Ostareliya suna wawar tishu a kantuna har ya ƙare. Mu a nan ba mu shiga wannan ruɗanin ba, don da buta muka tashi. Sai dai abin da muka dogara da shi ma yana iya yankewa. A Sakkwato damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, rijiyoyi su yi ƙasa, kuɗin kurar 'yan garuwa ya tashi. Wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, da kogin Rima ya cika ya yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san ana iya zama tsakiyar ruwa a rasa ruwan da za a taɓa jiki da shi, saboda masai ya cika ya haɗe da rijiya. Ga kuma 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa da Rabah da rashin tsaro ya raba da gidajensu, suka kwana a makarantu da kangaye, mutum ɗari a kan masai ɗaya ko biyu. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Saboda haka tambayar tamu ita ce: in ruwa ya yi kaɗan ko ya gurɓace, me zai tallafa masa, kuma me ya cancanci a kashe masa kuɗi tun yanzu?

Ruwa dai shi ne kan gaba, babu abin da ya kamo shi wajen tsafta, kuma bai cutar da fata ko ga mai basir ko mai jego. Matsalarsa nauyi da yawa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita a sansanoni ta ware wa kowane mutum aƙalla lita 15 a rana don sha da girki da tsafta, ta kuma ƙiyasta lita 1 zuwa 2 na tsarki. Gida mai mutum goma ke nan yana buƙatar lita 10 zuwa 20 kullum don wannan kaɗai, wato lita 300 zuwa 600 a wata. In jarka mai lita 25 ake amfani da ita, jarka 12 zuwa 24 ke nan, ba a yi alwala ba, ba a wanke hannu ba, ba a kora masai ba. Wanda ke da tanki mai lita 1,000 zai ga abin da sauƙi, amma mai ɗaki biyu a gidan haya ba shi da inda zai jera su.

Abin da ke rage wannan nauyin shi ne ruwan tsarki ba sai ya kai ruwan sha kyau ba. Ruwan sama da aka tara daga indararo bayan an bar na farko ya wanke kwano, ruwan rijiya mai zartsi da ba a iya sha, ruwan kogi da aka bari ya kwanta ko aka jefa masa alif, duk suna yi. Na kogi da na fadama dai a bar shi a rufe kwana biyu zuwa uku kafin ya taɓa jiki, domin ƙwayar tsargiya da ke shiga ta fata ba ta daɗewa a ruwan da aka ajiye. Ruwan alwala ma, in an tare shi a roba mai tsafta bai canza ba, yana nan da tsarkinsa a mazhabar Malikiyya, ana iya kawar da najasa da shi. Ruwan wanki da ya sha omo kuwa ya canza launi da ƙamshi, ba a tsarki da shi, sai dai a kora masai. Ruwan ambaliya da ya bi ta unguwa shi ne mafi haɗari: ko ido bai ga komai ba, kashin unguwar gaba ɗaya yana cikinsa.

Sannan yadda ake zubawa ya fi yawan da aka tanada tasiri. Butar roba mai faɗin baki tana tuttular da ruwa, yaro zai ƙarar da ita a zama ɗaya rabi ya tafi ƙasa. A samu gorar ruwa ta roba mai rabin lita ko ɗan fiye, a ɗora ƙusa siririya a wuta, a huda murfin wuri ɗaya ko biyu. In an matsa, ruwa yana fita siriri da ƙarfi, ya tafi daidai inda ake so. Kowa a gida a ba shi tasa, a ɗaura mata zare mai launi don kada a haɗa da ta sha. Wannan bai cin ko kwabo, kuma a ganina ya fi famfon feshi na bandakin zamani amfani a ranar wuya, tunda shi wancan sai tanki na sama da ruwa, tanki kuwa sai an samu wuta ko man janareta an tura.

Na biyu shi ne wanda kakanninmu suka sani muka fara mantawa, wato tsarkin hoge. Matafiya da fatake da makiyaya da shi suka rayu a hanyoyin da rijiya ke nisan yini. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya ji cewa wanda ya yi tsarki da duwatsu uku, na ƙarshe ya fito fes, ya isar masa, ko da yake ruwa ya fi tsarkakewa kuma malamai sun fi son sa. Hadisin Salmanul Farisi ya hana yi da hannun dama, ya hana ƙashi da kashin dabba. Malaman fiƙihu suka taƙaita sharuɗɗan: abin ya zama busasshe, mai tsarki, mai gogewa, marar cutarwa, kuma ba abu mai alfarma ba kamar abinci ko takarda mai rubutu. Na tsaya a kan wannan ne don na ga mutane a wurin gudun hijira suna ƙin shan ruwa saboda su rage na tsarki, wasu ma suna jinkirta salla suna ganin ba su da tsarki, alhali addini ya ba su mafita tun tuni.

Hoge kyauta ne, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba a sace shi. Amma ba kowane dutse ba. Marmarar da ta cika ƙasarmu tana da kaushi da kaifi, tana yage fata, kuma rauni a wannan wurin cikin zafi da ƙarancin ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Dutsen da ya yi santsi sosai shi kuma shafawa kawai yake yi. Mafi dacewa shi ne busasshen hogen laka, ko a cura laka da hannu kamar girman ƙwan kaza, a shafe gefensa, a shanya a rana ya bushe ƙarau, a tara a buhu ko tsohon kwando a rataye inda ruwa da dabbobi ba sa kaiwa. Kada a tsinto shi daga bayan gari inda mutane ke zagayawa. A lokacin zafi a duba kada ya ɗauki rana ya ƙona, a kuma girgiza kwandon saboda kunama.

Iyakarsa guda biyu ce, kuma dole a faɗe su. Ta shari'a: akwai inda ruwa ya zama tilas, kamar jinin haila da na biƙi, maniyyi da maziyyi, fitsarin mace, da najasar da ta bazu ta wuce mafitarta sosai. Mai gudawa ke nan hoge bai isar masa, mata kuma rabonsu na ruwa dole ya fi na maza. Maigida da ke raba ruwa ya san wannan ba sai an buɗe baki an roƙe shi ba. Ta biyu ita ce inda za a jefa shi. A masan gargajiya mai rami kai tsaye hogen laka yana narkewa, amma dutse cika ramin yake yi, ya hana motar yashe masai tsotsa. A bandaki mai bututu da sokawe kuwa ko ɗaya kada ya shiga. A haƙa masa rami daban a kusurwar gida, ana zubawa ana rufewa da ƙasa ko toka.

Inda hoge ya fi amfani, a nawa ra'ayin, shi ne a gaban ruwa: a fara da shi ya ɗauke mafi yawan ƙazanta, sannan a bi da ruwa kaɗan daga gorar nan. Malamai ma sun ce haɗa su biyun shi ne mafifici. Ruwan da ake buƙata yana raguwa ƙwarai, hannu kuma bai haɗuwa da najasa mai yawa, wanda shi ne babban abin tsoro lokacin kwalara.

Tishu fa? Aikinsa a wurinmu irin na hoge ne, ya fi shi taushi da sauƙin ɗauka, kuma shi kaɗai ne busasshen abin da bandaki mai bututu ke iya haɗiyewa, shi ma in akwai ruwan korawa. Ga tsoho mai basir, ga marar lafiya da ke kwance, ga tafiyar gaggawa a mota, yana da rana. Amma a matsayin tanadin wata shida ko shekara ga gida mai mutum goma, ban ga hikimarsa ba. Yana cin wuri, yana cin kuɗi, yana ƙarewa. Gara tana son sa, ɓera yana sheƙa da shi, kuma ɗigon ruwa ɗaya daga kwanon rufi a watan Agusta ya isa ya lalata katan guda. Wanda zai ajiye, ya cire kwalin tsakiya, ya danne kowane ƙulli, ya sa a leda biyu, ya zuba a bokiti mai murfi, ya ɗora a kan wani abu ba a ƙasa ba. Ƙulli goma zuwa ashirin don marar lafiya da tafiya sun wadatar. Kuɗin da ya rage a sayi jarka da sabulu.

Jiƙaƙƙen tishu na jarirai bai shiga tanadin dogon lokaci. Zafinmu yana busar da shi ko ba a buɗe ba, yawancinsa da zaren roba aka saƙa don haka ba ya narkewa, yana toshe bututu. Fakiti ɗaya ko biyu a jakar mai goyo, shi ke nan. Tsohuwar jarida da takardun makaranta kuwa a bar su: rubutu yana da alfarma, ba ka san inda sunan Allah ya faɗo ba, ga su da santsi da kaushin gefe.

Tsumma shi ne wanda masu tanadi a ƙasashen Turawa ke yawan yabawa, saboda ana wankewa a sake amfani da shi shekara da shekaru. A yanka tsohon zanen auduga ko rigar da ta mutu kamar faɗin tafin hannu biyu, a kalmashe gefe. Yana da taushi, kuma kowane gida yana da abin yankawa. Sai dai su can suna da injin wanki da ruwa a famfo. A nan wanke tsumman da ya taɓa kashi yana buƙatar bokiti mai murfi, omo, ruwan jiƙawa, ruwan ɗauraya, da itacen tafasawa, kuma wata baiwar Allah ce za ta sa hannu a ciki kullum. In ka lissafa, ruwan da ya ci ya fi wanda aka so a rage. Lokacin amai da gudawa kuwa wannan bokitin kansa masifa ne a tsakar gida mai yara da ƙuda. Saboda haka ni ina ganin tsumma ya tsaya a wuri biyu: tsane jiki bayan an yi tsarki da ruwa, kowa da nasa, a shanya a rana; da kuma ƙunzugu ga mata in audugar kanti ta yanke, wanda wannan kam wajibi ne a tanade shi da yawa tare da sabulunsa da igiyar shanya a wurin da mace za ta sake. Tsumman da ya tsufa tuɓus ana iya yin amfani da shi sau ɗaya a binne, kamar hoge.

Ganye da totuwar masara na wanda dare ya yi wa a daji ne, a rashin uwa ake uwar ɗaki. Totuwa busasshiya tana gogewa amma tana da kaushi, a murza ta tukuna. Ganyen kalgo yana da faɗi kuma ana samunsa a dajinmu, sai dai yana da ɗan santsi. Wanda nake roƙon iyaye su gargaɗi yara a kansa shi ne tumfafiya. Ita ce ta fi kowane ganye faɗi da kusa a bayan gari, tana nan kore shar har tsakiyar rani, yaro zai miƙa hannu ya tsinka. Farin ruwanta yana ƙona fata, in kuma hannun ya kai ido yana iya yi masa mummunan lahani. Tsagaggen kara ma a guje shi, yankan reza yake yi.

Duk wanda aka zaɓa a cikin waɗannan, hannun hagu zai kusanci najasa, kuma hannun nan zai ɗauki moɗa ya shiga randa, zai riƙe jariri, zai kama gefen kwanon tuwo. Shi ya sa sabulu ya fi tishu muhimmanci nesa ba kusa ba. Wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙa'idar agaji ta ware gram 250 na sabulun wanka da gram 200 na wanki ga kowane mutum a wata, wato gida mai mutum goma kilo 4 da rabi. Sabulun sanda yana shekaru bai lalace ba in an kare shi daga ɓera, bushewa ma ƙara masa auki take yi. In ya ƙare, tokar murhu mai tsafta da ruwa ta fi ruwa zalla. A rataye jarka ƙarama mai huda a bakin masai, sabulu a cikin raga ko tsohuwar safa a ɗaure kusa da ita, don kada a ce sai an shiga ɗaki an nemo. Ruwan bilic irin Hypo ko Jik yana da amfani wajen wanke daɓen masai da fo ɗin yara, amma ƙarfinsa yana raguwa da zafi da daɗewa, don haka a saya kaɗan kaɗan ana sabuntawa, a ajiye a inuwa nesa da yara.

To wanne za ka zaɓa? Irin masanka ne zai faɗa maka. Mai gida da masan rami da fili, kamar yawancin gidajen cikin gari da ƙauyuka, ya tanadi duro ko jarkoki na ruwan tsarki daban da na sha, gora mai huda ga kowa, buhun hogen laka, sabulu, da bokitin toka na rufe bakin rami. Mai bandakin zamani a gidan haya ko bene shi ne ya fi shiga uku in ruwa ya yanke, domin kora masai irin na zama da ruwan tankinsa kan ci wa mutum ɗaya lita 20 zuwa 40 a rana, na tsuguno da ake korawa da buta kuwa lita 3 zuwa 5. Shi ya tara duk ruwan wanki da na wanka don korawa, ya ɗan ƙara yawan tishu, kuma tun yanzu ya yi magana da mai gidan ko maƙwabta a kan inda za a haƙa ramin wucin gadi. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ƙasansa kuma ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake, abin da ke da wuya a unguwannin da ke kusa da fadama. Can gara a ɗaga masan sama da tudun ƙasa.

Wanda kuma yake zaune inda ana iya cewa a tashi cikin dare, nasa tanadin ya zama wanda mace za ta iya ɗauka da goyo a baya: gora mai huda, sabulu biyu a leda, ƙullin tishu biyu da aka danne, tsummokaran mata, da 'yar ƙaramar fartanya. In an sauka inda babu masai, a yi nesa da ruwa da wurin kwana, a haƙa rami kamar zurfin taƙi ɗaya, a rufe da ƙasa bayan an gama. Kashin jariri ma a binne shi haka, don ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba su gaza na babba ba. Kada a ƙulla a leda a jefa bayan katanga. Ruwan sama na farko zai dawo da shi cikin mutane.

Ruwan da aka tanada a riƙa juya shi: a yi amfani da na tsohuwar jarka a cika ta sabo, murfi a rufe gam saboda sauro. Yara kuma a koya musu gorar da hogen tun ana cikin wadata, uwa ta nuna wa mata, uba ya nuna wa maza, 'ya mace a koya mata gogewa daga gaba zuwa baya saboda ciwon mafitsara.